Hanya ɗaya suka biyo daga Libiya, ɗaya ne ya kamu: nazarin lamarin wani mai sikizofireniya a Tahoua

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne a garin Tahoua, haifaffen 1985, mai mata ɗaya da ƴaƴa uku. Tun 2011 yake fama da ciwon ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira sikizofireniya. An sakaya sunansa da na unguwarsu. Bayanin ya fito daga katinsa na asibiti da kuma bakin mutum huɗu: shi kansa, mahaifiyarsa, wansa da matarsa.

Ciwon yakan zo da jin muryoyin da wani ba ya ji, da zargin da hujja ba ta kau da shi, da warwatsewar zance, sannan da wata mutuwar zuciya da ke raba mutum da aiki da jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kimanin mutum miliyan 24 ke da shi, wato 1 cikin 300. A wurin maza ya fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30.

1984 zuwa 2005: ciki, haihuwa da ƙuruciya

Daminar 1984 ba ta yi ba a Adar, wato yankin Tahoua. Yunwar da ta biyo baya ita ce tsofaffi ke kira El Buhari, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsin da aka saba shigowa da shi ta Ƙonni ya yanke. A lokacin iyalin suna wani ƙauye gabas da Tahoua. Mahaifiyar ta samu cikinsa wajen Janairun 1985, rumbu babu ko zangarniya. Ta ce a watannin farko na cikin sau ɗaya take ci a yini, wata rana dusa da ganye, wata rana anza da aka jiƙa aka wanke ɗacinta.

An haife shi a Satumba, a gida. Naƙuda ta yi kwana biyu, da ya faɗo kuma bai yi kuka ba sai da ungozoma ta yi ta fama da shi.

Waɗannan abubuwa biyu suna cikin waɗanda masu bincike suka daɗe suna lura da su. A yammacin Holan, lokacin da yaƙi ya toshe hanyar abinci a sanyin 1944 zuwa 1945, ƴaƴan da aka samu cikinsu a tsakiyar yunwar sun kamu da sikizofireniya ninki biyu na sauran bayan sun girma. An sake ganin kusan haka a ƙasar Sin game da yunwar 1959 zuwa 1961. Wahalar haihuwa da ke rage wa jariri iska ita ma tana ƙara haɗarin.

Akwai abu na uku, wanda sai da aka daɗe ana hira mahaifiyar ta faɗe shi. Ƙanenta, wato kawun majinyacin, ya fara magana shi kaɗai yana da shekara ashirin da ƴan kai, ya riƙa shiga daji, daga baya aka ɗaure shi a turu a bayan gida, a nan ya rasu. Ba a taɓa kai shi asibiti ba, a gidan kuma ba a cika ambatonsa ba.

Yaron bai yi tafiya ba sai da ya kusa shekara 2. Ya tashi shiru-shiru, ana ce masa mai sanyi. Karatun allo ya tafi daidai, lakwal kuwa ya bari a aji huɗu. A 1994 iyalin suka dawo cikin garin Tahoua. Duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya ga ciwo a tare da shi, babu kuma dalilin da zai sa a gani. Wansa, wanda aka haifa a 1981 cikin shekarar wadata, shi ne mai surutu da fitina.

2006 zuwa Afrilun 2011: ci-rani a Libiya

A Adar, saurayin da bai taɓa fita ci-rani ba ana masa kallon wanda bai gama girma ba. Wasu Abijan, wasu Aljeriya, wasu Libiya. A 2006 wan ya ɗauki ƙanen suka bi ta Agadas, Dirku da Sabha har Turabulus. Kwaɓa siminti suke yi a wuraren gini, su tara a ɗaki ɗaya, babu takardu, kullum ido na kan hanya saboda kame.

A 2007 ƙanen ya fara shan wiwi, irin dunƙulallen da ake sayarwa a can. Ya ce da farko don ya samu barci ne. Zuwa 2009 ya zama na kullum. Wan bai ɓoye ba, ya ce shi ma ya taɓa sha, amma na taya hira, ba sau da yawa ba. A Suwidin an bi sawun samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja har shekara 15, sakamakon ya fito a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun kamu da ciwon ninki shida na waɗanda ba su taɓa sha ba. Zaman baƙunta shi ma yana da nasa nauyi. Wani nazari na 2005 da ya tattara bincike da dama ya nuna haɗarin ya kusa ninki uku ga waɗanda suka yi ƙaura zuwa wata ƙasa, ya fi haka kuma ga baƙaƙen fata da ke zaune inda su ne ƴan tsiraru.

A Fabrairun 2011 yaƙi ya ɓarke. Aka shiga farautar baƙaƙen fata da zargin su ne sojojin hayar Gaddafi. Su biyun da wasu ƴan Nijar suka ɓuya a wani benen da ba a gama ginawa ba har mako biyar, barci rabi da rabi, abinci sai wanda ya yi ƙarfin halin fita ya samo. A hanyar fita gari masu bindiga suka tare motarsu, suka karɓe duk abin da ke jikinsu. Cikin abin da aka karɓe har da kuɗin da ƙanen ya shekara huɗu yana tarawa na sadaki da kayan aure. A gabansu aka yi wa wani abokin ɗakinsu dukan da bai sake tashi ba. Sun iso Dirku a bayan babbar mota cikin Afrilu.

Mayu zuwa Nuwambar 2011: dawowa da farawar ciwo

Sun shigo Tahoua a Mayu, hannu rabbana, ga bashin kuɗin mota. Wan ya yi kusan wata biyu yana firgita cikin barci, daga nan abin ya lafa, ya samu babur na haya ya shiga kabu-kabu.

Ƙanen bai yi firgita ba, janyewa ya yi. Ya rage zuwa fada, in ya je ma sai ya zauna gefe da kofin shayi da nadin wiwi. Dare ya zama rana. Wanka sai an yi magana. Mutanen gida suka ce baƙin cikin kuɗinsa ne, kuma babu wanda zai ce sun yi kuskuren zato.

Daminar 2011 ita ma ta gaza. Cikin Oktoba abu biyu suka zo a jere. Iyayen yarinyar da aka sa masa rana da ita suka mayar da kayan, suka ce ba za su ci gaba da jira ba. Ranar 20 ga watan aka kashe Gaddafi a Sirte, hoton ya riƙa yawo daga waya zuwa waya a kowace fada. Gab da Babbar Sallah, a farkon Nuwamba, ya fara jin muryar maza biyu suna zancensa da Larabci, ɗaya na cewa ga shi nan, ɗaya na cewa a bari sai dare. Ya toshe tagar ɗakinsa da tabarma. Ya daina cin abincin gida, sai abin da ya saya da hannunsa. Ya ce lambobin babura saƙo ne, wansa kuma shi ke kai rahotonsa.

Tun 1968 George Brown da James Birley a Landan suka nuna cewa kusan rabin waɗanda ciwon ya taso musu sun gamu da wani babban al'amari cikin makonni uku kafin tasowar. Tsakanin mayar da kayan aure da muryar farko kwana ashirin ne da ƴan kai.

Disambar 2011 zuwa Janairun 2013: rubutu, rukiyya, boka da mari

Gidan ya rabu biyu tun daga farko. Dangin uba suka ce jini ne, daga ɗakin uwar ya fito, suka tono zancen kawu. Dangin uwa suka ce sammu ne, ko na gidan yarinyar ko na wani da suka zauna tare a Libiya, in ba haka ba to iska ya taka a Sahara.

Aka fara da malamin unguwa, rubutu da tofi, wata uku. Majinyacin ya ce rubutun yana kwantar masa da rai na ɗan lokaci, amma muryoyin ba su tafi ba. Aka kai shi wurin mai rukiyya a wani gari. A can aka riƙe shi kwana arba'in, ana karatu a kunnensa da lasifika, ana dukan aljanin da ake cewa yana jikinsa. Ya dawo da shatar bulala, da kuma sabon yaƙini cewa mutanen gidansu sun haɗa kai da masu neman ransa. Wata gwaggo ta ɗauko boka a ɓoye, aka yanka baƙin bunsuru, aka yi turare.

A Yunin 2012 ya fasa ƙofa cikin dare ya gudu, aka tsinto shi bayan kwana uku a kan hanyar Agadas, ƙafafunsa sun kumbura. Daga ranar aka sa masa mari a ƙafa ɗaya, aka ɗaure a ginshiƙin rumfa. Mahaifiyar ta ce ita ta roƙa a ɗaure shi, don gara ta gan shi a ɗaure da a kawo mata gawarsa. Wata bakwai ya yi a haka.

Da wan ya yi lissafi, tumaki shida suka tafi, aka jinginar da gona ɗaya, kuɗin da aka kashe ya kai jika 400. Daga muryar farko zuwa ƙwayar magani ta farko an yi wata 15. Binciken likitoci ya yi ta nuna cewa gwargwadon tsawon wannan tazara, gwargwadon wahalar murmurewa daga baya.

Fabrairu zuwa Disambar 2013: maganin farko, da yadda aka bar shi

Wani fasinjan kabu-kabu ne ya gaya wa wan cewa akwai ma'aikacin jinya da ya ƙware a ciwon taɓin hankali a asibiti nan cikin Tahoua. Aka kai shi a Fabrairu, da marin a ƙafarsa. Ma'aikacin ya duba ko zazzaɓin da ya hau kai ne, ko farfaɗiya, ko maye kawai, ya ga ba su ba ne. Ya rubuta Haldol miligiram 5 safe da dare, da Largactil miligiram 100 lokacin kwanciya. Kuɗin maganin wata bai kai jika 5 ba.

Magungunan nan ba sababbi ba ne. Largactil tun 1952 aka fara ba masu taɓin hankali shi a birnin Paris. Aikinsu shi ne rage tasirin dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen ware abin da ya cancanci a kula da shi daga abin da bai cancanta ba. Idan ya yi yawa inda bai kamata ba, lambar babur da tarin maƙwabci sai su zama kamar saƙo ne da aka aiko wa mutum shi kaɗai. Tashin hankali mai tsawo, rashin barci da sinadarin da ke cikin wiwi duk suna iya zuga wannan tsari.

A kwana na huɗu wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito. Gida ya rikice, aka ce aljanin ne ya ƙi maganin Nasara. Da ba don wan ya ɗauke shi a babur ya mayar da shi asibiti ba, da a nan zancen ya ƙare. Illar Haldol ce da aka sani, aka yi masa allura ta saki cikin ƙasa da awa ɗaya, aka ƙara masa Artane, maganin da ke hana wannan illa. A mako na biyu ya fara barci. A mako na uku aka cire mari. A mako na shida muryoyin suka koma can nesa, ya ci abincin mahaifiyarsa.

Cikin Yuli azumi ya kama. Ya ce maganin yana kashe masa jiki, ga yunwa ga barci. Mahaifinsa ya ce ai firgicin Libiya ne, ya kuma wuce, mutum ba ya dawwama a kan ƙwaya kamar mai ciwon suga. Aka bari. Wata biyu lafiya lau, kowa ya ce an gani. Ya koma tsohuwar fadarsa, ya koma wiwi. Aiki bai samu ba.

Zaman gida kuwa ya yi zafi. Uban, wanda gonarsa ke hannun wani, ba ya wuce shi bai yi magana ba: raggo, ƙato har ƙato sai ci da barci, dubi ɗan'uwanka. Uwar ta ɗauki ɗaya gefen, ba ta barin shi ya ɗebo ko ruwan alwala, tana shimfiɗa a bakin ƙofarsa, in ya yi tari ta fashe da kuka. A Nuwamba tabarma ta koma taga. A Disamba ya ɗaga wa wansa taɓarya.

Janairu zuwa Disambar 2014: Yamai, da sabon tsari

An kai shi Yamai a Janairu, tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Ya kwanta kwana 24 a sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wansa na jinyarsa. Likita ya tabbatar da sunan ciwon, ya mayar da shi kan allurar Haldol mai daɗewa a jiki, sau ɗaya duk mako huɗu, ya rubuta wa ma'aikacin Tahoua takarda.

Da suka dawo, ma'aikacin ya ce ba zai yi allura kawai ya sallame su ba, yana son ganin uba da uwa. Uban ya zo da tambaya ɗaya.

"Likita, ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Wanga ciwo jini ne, ko Libiya ce?"

"Baba, katangar laka biyu ce a gida ɗaya. Ɗaya tun ranar gini ta samu tsaga a ciki, ba a gani daga waje. Shekara ashirin tana tsaye. Ran da aka yi ruwa mai yawa ita ta zube, ƴar'uwarta ta jiƙe ta bushe. Mi ya kada ta, tsagar ko ruwan?"

Uban ya yi shiru, can ya ce su biyun. Ma'aikacin ya ce to allura ita ce yaɓe, ba ta cire tsagar, don haka ba a barin ta. Sauran aikin na gida ne, a rage ruwan da ke dukanta.

An zauna da iyalin sau shida cikin wata huɗu. Abin da ya fi wuya shi ne a nuna wa uba cewa kwanciyar ɗansa ba lalaci ba ne, wani ɓangare ne na ciwon, a kuma nuna wa uwa cewa tausayin da ya wuce kima shi ma nauyi ne. Wannan ba ra'ayin ma'aikacin ba ne shi kaɗai. A Ingila, Christine Vaughn da Julian Leff sun wallafa a 1976 cewa cikin wata tara da sallama daga asibiti, kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka koma gidaje masu yawan suka, ƙiyayya ko shisshigin tausayi ciwon ya sake taso musu, a gidaje masu sanyin mu'amala kuwa kashi 13 ne. A cikin gidajen masu zafi, wanda ba ya shan magani kuma yana zaune ido da ido da mutanen gidan fiye da awa 35 a mako, kashi 92 suka koma. Wanda ke shan magani kuma zamansa da su bai kai awa 35 ba, kashi 15.

Maganar awa 35 ɗin nan ita ta kawo baffansa cikin lamarin. Ƙanen uban yana da lambun albasa a fadama, tafiyar rabin awa da ƙafa. Aka shirya majinyacin ya riƙa fita bayan asuba, ya yi ban-ruwa da cirar ciyawa, ya dawo da la'asar. Baffan mutum ne marar yawan magana, bai taɓa tambayarsa me yake ji a kunnensa ba. Watan farko awa biyu yake iya yi ya zauna. Zuwa ƙarshen shekara yana kai azahar.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Shayi ya tsaya daga magariba. Wan ya janye shi zuwa fadar ƴan kabu-kabu, inda ba a shan wiwi, ko da yake sai da aka kai 2015 kafin ya bari gaba ɗaya. Limamin unguwa, wanda ya yi masa rubutun farko, ya zo har gida ya ce neman magani ba ya karo da tawakkali, addu'a na nan, allura na nan. Da azumin 2014 ya zo aka mayar da ƙwayoyin dare zuwa bayan buɗa-baki, aka ce ya yi tarawihi amma kada ya raba dare a waje. Iyalin kuma suka haddace alamominsa guda uku: rashin barci dare uku a jere, ƙin abincin gida, da rufe taga. Duk wanda ya ga ɗaya, ba jiran ranar allura.

2015 zuwa 2024: gwaji uku

A 2016 ya yi aure. An gaya wa yarinyar da iyayenta komai kafin a ɗaura, ita da kanta ta je asibiti ta yi tambayoyinta. Aka taƙaita biki, aka hana abokai kwana da kiɗa a ƙofar gida. Babu abin da ya faru.

A 2019 uban ya rasu. Zaman makoki ya cinye masa barcin dare uku, muryoyin suka dawo, wannan karon da Hausa, suna cewa shi ya kashe tsohon da baƙin ciki. Matarsa ta ga ya ture kwanon tuwo, ta kira wan a waya: "Yaya, ka zo, abin ga ya taso." A ranar aka je asibiti. Aka ƙara masa Largactil na dare har mako uku, aka ɗauke shi daga wurin karɓar gaisuwa zuwa lambu. Bai kwanta asibiti ba.

Na uku daga waje ya zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, kayan da ke shigowa ta tashar Kwatano suka maƙale, magunguna suka yi wuya. Allurarsa ta yi wata biyu ba a samu ba. Ma'aikacin ya mayar da shi kan ƙwayoyi, matar ta riƙe su, tana ba shi da hannunta. Ya yi mako biyu yana jin raɗe-raɗi, abin bai wuce nan ba.

Zuwa Disambar 2024, rabonsa da gadon asibiti tun Fabrairun 2014. Yana da fegin albasa nasa a cikin lambun baffa. Muryoyin kan zo jefi-jefi in ya gaji, ya ce ya san su, ba ya amsa musu. Hannunsa na ɗan rawa, ya yi ƙiba, maganarsa a hankali take. Kasuwa ba ya son ta, wan ke kai masa albasa ya yi ciniki. Bai koma mutumin da ya tafi Libiya a 2006 ba.

Abin da lamarin ya nuna

Bayanin da ya fi dacewa da wannan tarihi shi ne wanda Joseph Zubin da Bonnie Spring suka tsara a 1977: kowane mutum yana da iyakar nauyin da ƙwaƙwalwarsa ke ɗauka, iyakar wani kusa take ta wani nesa, ciwon kuma yana tasowa ne idan nauyi ya haye iyakar. Gado da abin da ya samu mutum a ciki da wurin haihuwa su ke aza iyakar. Rayuwa ke kawo nauyin.

Dangin uba ba su yi ƙarya ba da suka ce jini. Alƙaluman da Irving Gottesman ya tattara a 1991 sun nuna cewa inda haɗarin kowa yake wajen kashi 1 cikin 100, na wanda kawunsa ko baffansa ke da ciwon kashi 4 ne, na ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya kashi 9, na ɗan da ɗaya daga iyayensa ke da shi kashi 13. Amma a jadawalin nan ne kuma hujjarsu ta tsaya: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, idan ɗaya ya kamu, haɗarin ɗayan kashi 48 ne, ba 100 ba. Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da ciwon ba. Wani babban bincike na 2022 ya gano wurare 287 a cikin ƙwayoyin gado da ke da hannu, kowanne da ɗan tasiri kaɗan, shi ya sa ƴan'uwa biyu ba sa samun rabo ɗaya.

Dangin uwa su ma sun ga wani abu na gaskiya, ko da yake sun ba shi sunan sammu: ciwon ya biyo bayan wahala, kusan kwana da kwana. Sai dai wan ya shiga bene ɗaya, ya hau mota ɗaya, an karɓe nasa kuɗin, ya ga gawa ɗaya. Abin da ya same shi firgita ne na wata biyu. Bambancinsu ya faro tun kafin Libiya: ba a yi cikinsa cikin yunwa ba, haihuwarsa ba ta zo da gardama ba, wiwinsa bai zama na kullum ba, rabonsa na gado kuma daban. Binciken Pekka Tienari a Finlan, wanda ya fito a 2004, ya nuna wannan haɗuwa ƙarara. Ƴaƴan matan da ke da ciwon, waɗanda wasu iyalai suka riƙa tun suna ƙanana, kusan kashi 37 suka samu ciwon ko danginsa idan gidan riƙon mai rikici ne, kusan kashi 6 idan mai kwanciyar hankali ne. Ƴaƴan da ba su da wannan gado, gidan rikici bai ƙara musu wani abin kirki ba.

A ganina, kowane bayani da aka riƙe shi kaɗai ya yi ɓarna a gidan nan. Zancen jini ya jawo zargin uwa da yanke ƙauna, har ya kusa taɓa auren ƙannensa mata. Zancen firgicin Libiya shi ya sa aka bar magani a Yulin 2013, don in wahala ce kawai sanadi, wucewarta ta isa. Nazarin da Stefan Leucht da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 ya nuna cewa cikin shekara ɗaya kashi 64 na waɗanda aka ɗauke wa magani sun koma, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 27. Rubutun malam bai cutar da shi ba, limamin ma daga baya ya zama ginshiƙi. Abin da ya cutar shi ne wata 15 na jira, da bulala, da mari, waɗanda suka ƙara nauyi a kan mutumin da nauyi ne ya kada shi.

Magani shi kaɗai ya yi aiki a 2013, amma bai ɗore ba, don an mayar da mutumin cikin zaman banza, wiwi da gori. Lambu shi kaɗai da bai yi ba, don wanda muryoyi ke bi ba ya iya riƙe bokitin ban-ruwa. Sai an fara da allura sannan sauran suke samun wurin kamawa. Ya kamata kuma a faɗi rabon sa'a a ciki: ba kowa ke da wa mai babur da haƙuri ba, ko baffa mai lambu da ƙarancin magana.

Tambaya biyu ke gaban iyalin yanzu. Matar ta tambayi makomar ƴaƴanta, aka gaya mata kashi 13 na nufin 87 cikin 100 ba za su kamu ba, abin da ke hannunta kuma shi ne awon ciki, abinci, haihuwa a asibiti, da tsare su daga wiwi idan sun tasa. Shi kuma, ganin albasa ba ta yi kuɗi ba shekara biyu a jere, ya fara zancen tafiya Aljeriya. Wan da ma'aikacin jinyar sun ƙi, saboda allura da barci da kame. Shi ya ce zaman bashi ma nauyi ne, kuma da gaskiyarsa. An tsaya a kan ya gwada wata uku na rani a lambunan Agadas, inda akwai asibitin da za a aika wa takardarsa da ɗan baffansa da zai sauka wurinsa, sannan a sake zama.